Inda Khamfan Ya Sauka

Likitan bai ko zauna ba. Daga tsaye ya duba idon Khamfan, ya danna ƙafafunsa da suka kumbura suntum, sannan ya ja matarsa Duangta gefe, wajen taga.

"Inna, in kuna son kai shi gida, yanzu ne."

Duangta ba ta tambaye shi abin da yake nufi ba. Duk wanda ya taɓa zaman jinya a Luang Prabang ya san maganar. Wanda ya cika a ƙarƙashin rufin gidansa shi ake yi wa gidan alheri, don a garin nan ba a ce wa gidan mutuwa gidan makoki. Akwatinsa na tsakar ɗaki an ƙawata shi da takarda mai ruwan zinare, dangi da maƙwabta su cika gida kwana da kwanaki, ana karta, ana ci, ana ba'a, don kada mamaci ya ji kaɗaici kafin a kai shi wurin ƙonawa. Wanda kuwa ya mutu a waje, asibiti ne, ruwa ne, titi ne, gawarsa ba ta hawa matakalar gida. A rumfar bayan haikali ake ajiye shi kamar kayan aro. Kurwarsa kuma, a faɗar tsofaffi, tana nan inda rai ya fita, tana jiran mai nuna mata hanya.

Ta koma bakin gadon, ta sunkuya daidai kunnensa.

"Baban Somfon, za mu tafi gida."

Ya buɗe ido ɗaya. Muryarsa ta zama kamar ta mai magana ta cikin tsumma. "Wane gidan?"

Tambayar da take gudu ke nan tun da aka kwantar da shi.

"Kada ki kai ni akurkin nan na bayan filin jirgi," ya ce. "Kai ni gida."

Akurkin da yake faɗa ɗaki biyu ne na bulo da suka koma shekarun baya, kuma har yau bai taɓa kiransa gida ba. Gidansa na katako ne, mai hawa ɗaya, a tsohon gari kusa da kogin Nam Khan. Ubansa ne ya kafa ginshiƙansa, a ƙarƙashin matakalarsa aka binne cibiyar Khamfan. Da garin ya shiga idon duniya, sai doka ta ce tsohon gida ba a gyara shi sai da irin katakonsa da irin rufinsa na dā. Khamfan matuƙin jirgin ruwa ne mai kai baƙi kogon gumaka, ina ya ga ƙarfin wannan? Rufi na yoyo, gara na cin bango, sai ga wani mutumin Vientiane, babban birnin ƙasar, ya karɓi gidan haya mai tsawo ya mai da shi masaukin baƙi. Abu ɗaya Khamfan ya roƙa, baki da baki: ɗakin baya na sama, inda aka haife shi, a bar masa ranar da zai buƙace shi. Mutumin ya yi dariya ya ce, "Wannan ai ba sai an faɗa ba, Kawu."

Duangta ta fita baranda ta kira Amfai, mai kula da masaukin. Amfai 'yar tsohuwar maƙwabciyarsu ce, a kan idon Duangta ta yi rarrafe.

"Gwaggo, ki rufa mini asiri," Amfai ta ce bayan ta gama ji. "Gidan a cike yake dam. Ɗakin baya ma da mata da miji a ciki, sun fita hawan dutse kallon faɗuwar rana. Maigida in ya ji, na bar aiki."

"Maigidan yana nan kwance gabana, 'yar nan. Wancan ɗan haya ne."

"Gwaggo..."

"Muna hanya." Ta kashe wayar.

Ɗansu Somfon yana can Thailand wajen aiki, sai gobe motarsa za ta iso. Saboda haka ƙaninta Bunlap ta kira, ya zo da tuk-tuk ɗinsa, babur mai ƙafa uku mai benci biyu a baya. Bunlap da mijin yayar tasa ba su taɓa zama inuwa ɗaya ba sai da musu. Unguwarsu daban, jirgin tserensu daban, kuma akwai wata shekara da jiragen biyu suka iso ƙarshen tsere kai da kai a Nam Khan, Khamfan ne matuƙin na unguwarsu. Tun daga ranar kowa ke cewa nasu ne ya ci. An yi aure, an yi haihuwa, gashi ya yi fari, ba a raba wannan gardama ba.

Suka shimfiɗa katifa tsakanin bencinan, suka kwantar da shi, kansa a cinyar Duangta. Ta lulluɓe shi da zanen saƙi har wuya. Bunlap ya leƙo ya dube shi, fuskarsa ta canza, amma ya yi ta maza.

"Tsoho, kai da ka ƙare rayuwarka kana yawo da baƙi, yau kai ne baƙon. Kuɗin mota fa?"

Leɓen Khamfan ya motsa. "Ka biyo ni bashi lahira."

"Kin ji shi ko, Yaya? Wannan ba inda za shi."

Suka kama hanya rana ta fara sanyi. Duangta ta lura idon mijinta na lumshewa, numfashinsa na yin nisa tsakanin ɗaya da ɗaya. Ta buga ƙarfen bayan direba.

"Yi masa magana, Bunlap. Kada ka bar shi ya yi barci."

Bunlap ya gyara murya, ya ɗauko irin muryar nan ta masu yi wa baƙi jagora, mai zaƙi kamar an zuba mata sukari.

"Manyan baƙi, barkanku da zuwa tsohon birni! In kun duba hannun hagu, ga gidan Bunmi maƙeri, yanzu nan ake matsa wa Turawa ƙafa."

"Dama," Khamfan ya ce, ido a rufe. "Hannun dama, jaki."

"Au, haka ne, dama. Ga kuma inda tsohuwa Pheng take sayar da miyar taliya."

"Gasasshen kifi."

"Taliya dai."

"Kifi. Kai a lokacin... majina kake sha."

Duangta ta gane dabarar ƙanin nata. Da gangan yake kuskure, don Khamfan mutum ne da ko a bakin kabari ba zai bari a yi ƙarya a kan garinsa ba. Haka suka yi ta tafiya, Bunlap na ɓatawa, mara lafiya na gyarawa. Ita kuma tana kallon gidajen da ake ambata, zuciyarta na ƙuna. Gidan ungozoma ya zama wurin shan gahawa. Gidan mai ɗinkin rigunan sarauta ya zama inda ake koya wa baƙi dafa abincin da iyayenmu suka dafa ba tare da an koya musu ba. An shafe bangaye da farin fenti, an rataya fitilun takarda, ko'ina tsaf-tsaf gwanin kyau, sai dai ba ka ganin shanyar kayan yara a ko'ina. Masu gidajen duk suna can bayan filin jirgi da bayan tasha.

Da suka iso babban titi sai suka tarar an gitta ƙarfe. 'Yan kasuwar yamma sun fara kafa rumfunansu ja da shuɗi, suna baza gyale da wandunan nan masu hoton giwa. Bunlap ya roƙi mai tsaron shingen, ya nuna masa baya. Mutumin ya leƙa, ya haɗa hannuwa ya gaida Duangta da ladabi, ya ce ko ya buɗe ba hanya, rumfuna sun riga sun cike titin. Gaskiya ya faɗa. Dole suka juya ta bayan dutsen Phousi, suka bi titin bakin Nam Khan.

Nan ne suka shige cikin masifa. Fararen motocin da suka kwaso baƙi daga wajen ruwa mai gangarowa duk sun tsaya a gindin matakalar dutsen suna sauke mutane, kowa na sauri kada rana ta faɗi bai ɗauke ta hoto ba, sai ka ce a garinsu ba ta faɗuwa. Gaba mota, baya mota. Tuk-tuk ɗin ya tsaya cak a gaban wani babban allo mai hotuna: yawon jirgi da yamma, kogon gumaka, wankan giwaye, gonar shinkafa inda baƙo zai shiga taɓo a ɗauke shi hoto. Daga nan zuwa gidan, mai lafiya ba zai gama shan taba ɗaya ba ya isa.

"Mu ɗauke shi a ƙafa," Duangta ta ce.

"Ta ina, Yaya? Dubi mutanen nan. Bari wannan motar ta matsa, yanzu za mu wuce." Ya danna ham har sau ba adadi, ya leƙa ya zagi direban gaba da uwarsa da kakarsa. Sannan ya waiwayo da muryar jagora, amma zaƙin ya tsere daga cikinta. "Manyan baƙi, ku dubi kogi. Daidai nan ne jirgin unguwarmu ya bar na su Khamfan a baya, har matuƙinsu ya yi kuka."

Duangta ta jira.

Wata Baturiya ta wuce tana dariya, da kofin ruwan mangwaro a hannu. Duangta ta dubi fuskar da ke kan cinyarta. Bakin a ɗan buɗe yake, kamar mai shirin ba da amsa. Ta zura hannu ƙarƙashin zanen ta ɗora a ƙirjinsa, ta bar shi a nan, ta ƙara dannawa. Kan nasa ya yi wani irin nauyi da ba ta san shi da shi ba.

"Tsoho?" Bunlap ya ce. "Ka ji abin da na ce? Na ce mun ci ku."

Kuka ya taso mata tun daga cibiya. In ta sake shi a nan, shi ke nan, Khamfan ya zama na titi, rumfar bayan haikali ce makwancinsa. Ta haɗiye shi da ƙyar kamar mai haɗiyar ƙashin kifi. Ta ja zanen sama kaɗan ya kare haɓarsa, ta shafa idanunsa kamar tana share masa gumi.

"Ya ce ƙarya kake," ta ce. "Ya ce ku ne kuka sha ruwa. Tuƙa mu tafi."

Bunlap bai waiwayo ba. Ta ga bayan wuyansa ya sandare. Motar gaba ta matsa, ya ja tuk-tuk ɗin a hankali, bai sake nuna gidan kowa ba.

Amfai na tsaye a ƙofar gida cikin siket ɗin aiki, da waya a hannu. An sa wa gidan suna a kan katako, an jera tukwanen furanni a inda Duangta take shanya barkono dā. Wasu baƙi biyu na zaune a ƙasan gidan suna duba taswira.

"Gwaggo, na kira shi bai ɗauka ba. Don girman iyayenki ki dakata ya..." Ta leƙa cikin tuk-tuk ɗin, maganar ta tsaya. Ta rage murya. "Yana dai da rai ko, Gwaggo? Kin san in ba haka ba ba zai yiwu ba. Masu shara da mai girki duk gudu za su yi, ba mai sake kwana a gidan nan."

Duangta ta dube ta ido cikin ido. Yarinyar da ta goya, ta ba ta shinkafa a baki.

"Yanzu ya gama zagin Bunlap. Gaishe shi mana, ko aikin otal ya hana ki gaida manya?"

Amfai ta haɗa hannuwa ta sunkuya. "Kawu, sannu. Sannu da jiki."

"Ya gaji," Duangta ta ce da sauri. "Matsa mana."

Bunlap ya zagayo ya sa hannu ƙarƙashin mijin yayarsa ya ɗaga. Yana ɗagawa hannun Khamfan ya zamo ya yi lilo. Bunlap ya tsaya. Ya dubi Duangta, ita ma ta dube shi, ta kama hannun ta mayar cikin zane. Duk abin da za su faɗa wa juna a kan wannan rana, a kallon nan suka faɗe shi.

"Kai tsoho, ka yi nauyi," Bunlap ya ce, muryarsa na karyewa. "Duk abincin asibitin kai ka cinye?"

Ya tuɓe takalmansa a gindin matakala da ƙafa, ya fara hawa. Ɗaya daga cikin baƙin ya miƙe ya riƙe musu ƙofa, ya yi murmushin tausayi. Duangta na biye tana magana ba tsayawa, don kada shiru ya tona su.

"Ga matakalarka nan, Baban Somfon. Ka ga sun canza katakon na uku, wanda ka ce za ka gyara ba ka gyara ba. Sannu. Saura kaɗan."

Ɗakin baya ya zama wani abu dabam. Gado mai farin zani, tawul an naɗe shi kamar giwa an ɗora masa fure, jakunkunan baƙi a buɗe a ƙasa. Sai tagar ce kawai ba ta canza ba, da bishiyar tsamiyar da ke bayanta. Duangta ta ture jakunkunan da ƙafa, ta sa Amfai ta kawo tabarma, suka shimfiɗe shi a ƙasa inda uwarsa ta haife shi.

"Je ki ɗora ruwan zafi, 'yar nan, zan goge masa jiki."

Amfai ta sauka. Duangta ta zauna ta riƙe hannun da ya fara sanyi. Bunlap ya tsuguna a bakin ƙofa ya sa kai tsakanin gwiwoyi. Ba ta taɓa sanin ruwa na daɗewa haka kafin ya tafasa ba. Tana jin ƙarar kofuna a ƙasa, tana jin baƙi na dariya a titi, kukan na cin ƙirjinta kamar wuta, amma ta riƙe shi. Sai da ta ji takun Amfai a matakala, ta tabbata yarinyar za ta shaida, sannan ta sake shi. Ihun da ta yi har tsallaken kogi an ji.

Amfai ta saki butar, ta durƙusa a bakin ƙofa tana kuka tana cewa, "Ya iso, Gwaggo. Ai ya iso gida."

Mutumin Vientiane ya yi ta faɗa a waya har muryarsa ta dushe, amma ba yadda ya iya. Mutum ya cika a ɗakin da aka haife shi, wa zai ce a fitar da shi ya kuma sake ɗaga kai a garin nan? Aka rarraba baƙin zuwa wasu masaukai. Kafin hantsin washegari an kawo akwati, an kafa rumfa ta tare rabin layin, limaman haikali masu mayafi ruwan lemo sun zo sun yi karatunsu. Somfon ya iso ya aske kansa, kamar yadda al'ada ta ɗora wa ɗan mamaci. Tsofaffin maƙwabta suka yi ta sauka daga tuk-tuk da babura, daga bayan filin jirgi, daga bayan tasha, wasu rabonsu da layin tun da suka kwashe kayansu. Aka baza tabarmi, aka fito da karta, ƙamshin miya ya cika gidan. Baƙi masu wucewa suka riƙa tsayawa suna ɗaukar hoto, wani ma ya tambayi Amfai ko kowane mako ake yin wannan biki.

Gidan alheri ya yi alheri, ba ƙarya. Sai dai duk wanda ya zo gaban Duangta magana ɗaya yake yi.

"Khamfan ya yi sa'a."

"Dubi taurin kai, sai da ya hau matakalarsa sannan ya yarda ya tafi."

"Ke kam kin yi masa komai. Yanzu yana nan tare da mu yana jin wannan hayaniya, yana jin daɗi."

Kowace kalma sai ta ji ta kamar an taka mata gyambo. Takan dubi akwatin mai ruwan zinare, ta ji a ranta ba kowa a wurin. An cika gida da mutane don kada ya ji kaɗaici, shi kuwa yana can gindin dutse shi kaɗai, a gaban allon talla, motoci na wuce shi. Ta kawo gangar jiki gida ta baro mai gidan a titi, kuma ba ta da wanda za ta gaya wa. In ta faɗa, an tashi taron nan, an sauko da akwatin. Bunlap na can ƙarshen rumfa yana shan giyar shinkafa, an yi an yi ya shiga karta ya ƙi. Wani tsoho ya tsokane shi da zancen tseren jirgi, ya ce to yau dai ba mai yi maka musu. Bunlap ya ajiye kofin ya ce, "Su suka ci," ya tashi ya bar wurin.

Da rana ta yi sanyi, daidai lokacin jiya, Duangta ta buɗe kwandon shinkafa mai danƙo ta gutsuri kaɗan, ta mulmula a tafin hannu. Ta ce wa Somfon za ta ɗan miƙe ƙafa. Ta bi titin bakin kogi ita kaɗai, da farar rigar takaba, har gindin dutsen.

Fararen motocin sun dawo, wasu baƙin ne dabam amma saurin iri ɗaya. Ta sami wurin ba wuya, ga allon, ga ɗigon baƙin mai da tuk-tuk ɗin Bunlap ya bari a kwalta. Ta tsuguna a gefen titi, ta ajiye wa kurwar mijinta curin shinkafar a kan dakalin siminti. Matar da ke sayar da tikitin jirgi ta leƙo daga rumfarta.

"Inna, kin tare allon. Ɗan matsa gaba kaɗan."

Duangta ba ta ko dube ta ba.

"Baban Somfon," ta ce a hankali. "Tashi mu tafi. Gida ya cika, kowa ya zo. Har Bunmi maƙeri ya zo da sandarsa. Ba nisa, ka san hanya."

Wata mota ta yi mata ham. Ta miƙe, ta tsaya a gefe kamar mai ba wani hanya ya wuce gaba, ta jira. Ba ta ji komai ba sai hayaƙin mota da surutun da ba ta fahimta. Sai ta juya ta fuskanci kogin, ta nuna ruwan da hannu, ta ɗaga murya yadda ko mai nauyin kunne zai ji.

"Daidai nan ne jirgin su Bunlap ya bar naku a baya. Da idona na gani. Har kuka ka yi."

Mai tikitin ta daina abin da take yi tana kallonta. Duangta ta karkata kunne, hannunta na nan a miƙe, ta jira a ce mata ƙarya take.